Yadda Muka Tayar da Taraktar Baba

Shekarun baya, lokacin ina ganin duk abin da na kalla sau biyu a waya to na zama gwaninsa, wani abu ya faru a gidanmu na Bagadaza. Har yau in na tuna sai kunya ta fara kama ni, tausayi ya biyo baya. Ɗazu na ga wani ya sa hoton tsohuwar motar noma, abin ya dawo mini sabo fil, na ce bari in ba ku labarin.

Mahaifina direban tarakta ne, kuma shi ne bakanikenta. Da ya bar aiki sai ya sayi wata 'yar ƙarama a gwanjo, mai launin toka, wadda ta girme ni, ta girmi yayana, ƙila ma sa'ar Baban ce. Ba irin na yanzu ba ce masu shan dizal. Ita fetur take sha, tana da fulogi huɗu kamar ƙaramar mota, kuma da handil ake murɗa ta daga gaba kafin ta tashi. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka kai mu makaranta. Wurin kwananta shi ne filin da ke tsakanin get da cikin gida, kuma in ta shiga ta cinye wurin kaf, sai ɗan lungun da mutum ɗaya zai raɓa ya wuce.

Sai Allah ya jarrabi Baba da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ma ta tafi, sai wani sauti da ba ma ganewa. Taraktar ta yi shekara uku a inda ya ajiye ta, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Duk Litinin muna kai shi asibiti gashi. Da yake mota ba ta iya shigowa, sai ni da yayana mu ɗauke shi a kan kujera, mu raɓa ta gefen taraktar har waje. Wata Litinin ƙafar yayana ta harɗe da ƙarfen garma, saura ƙiris mu kifar da tsoho a ƙasa. Da muka dawo, yayana ya ajiye makullin mota ya ce, "Wannan ƙarfen ya isa haka. Zan kira masu yankan ƙarfe su yanyanka ta su kwashe, mota ta riƙa shigowa har ƙofar ɗakinsa."

A gaban Baba ya faɗi wannan magana. Kada ku ga laifinsa shi kaɗai, dukanmu mun saba magana a gaban Baba kamar ba ya wurin. Kuma yayana ba mugu ba ne, wallahi. Shi ke ɗauke da gidan, shi ke tasowa tun daga Dawaki duk mako don wannan ɗawainiya. Amma da na juya na kalli Baba, sai na ga ya damƙe kofin silbarsa da hannun hagu yana buga shi a jikin kujera, ƙwal, ƙwal, ƙwal, idanunsa a kan taraktar. A raina na ce in aka yanka motar nan a gaban idonsa, to shi ma an gama da shi.

"Hamma, ka ba ni mako biyu," na ce wa yayana, don haka muke kiransa. "Zan tayar da ita."

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da ko fulogin babur ba ka taɓa kwancewa ba?"

"Ai komai yana cikin waya yanzu."

Ya yi dariya, irin wadda take ƙona mini rai tun muna yara. Ya ce, "Shi ke nan. Ba wannan Asabar ba, ta sama. In ta tashi a kai ta gona, tana da amfani. In ba ta tashi ba ƙarfe ce, kada ka zo kana mini magiya."

Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, tana jin duk wannan daga bakin madafa, ba ta ce uffan ba. Yayana ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in ya gaishe ta ma da ƙyar take amsawa, balle a je ga yi masa musu. Mun taso mun tarar da haka, ba mu taɓa ganin abin mamaki ba ne.

Na ɗauki hutu a ofis na tuɓe riga. Maimakon in fara da injin, sai na fara da kwalliya, don ina son in Hamma ya zo ya ga an yi aiki. Na wanke ta tas, na bi ta da sanfefa ina goge tsatsa lungu-lungu, na fesa fenti. Akwai wani faifan ƙarfe a gaban injin, wanda bel ɗin fanka yake zagayawa a kansa. Shi na fi ba wa ƙarfi. Na goge shi har yana ƙyalli, na shafe shi da jan fenti, na ja baya ina kallon aikina ina jin daɗi.

Dada ta zo wucewa da bokiti, ta tsaya ta leƙa faifan. Ta ce, "Ka ga zanen babanka a jiki kuwa?"

Rana ta dafa ni, gumi yana shiga mini ido, ga shi ina ji da kaina. Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Haba Dada, wannan fa ba tuƙin tuwo ba ne. Ki bar mu da abinmu."

Ta ce, "To." Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Allah ya yafe mini wannan bakin nawa.

Na sa sababbin fulogai, sabon batir, sababbin wayoyi. Na wanke tanki, na wanke kabureta, wato inda mai yake haɗuwa da iska. Abu ɗaya ya rage, wanda makanikai ke kira taimin. Abin ba shi da wuyar ganewa. Dole wuta ta isa fulogi daidai lokacin da fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin injin, ya hau sama ya matse mai. In wutar ta yi gaggawa sai injin ya mayar da bugu baya, in ta makara sai tari da hayaƙi. Akwai wata 'yar tukunya a gefen injin da take raba wa fulogai wuta, distiributa, ita ake sassautawa a juya kaɗan-kaɗan har lokacin ya yi daidai. Mutumin cikin wayata ya ce abin da sauƙi: a jikin faifan nan na gaba akwai tsagar da aka yi tun daga kamfani, ka juya injin ta daidaita da ɗan tsinin ƙarfen da ke samanta, ka saita, ka ɗaure. Na duba, ga tsaga nan kuwa ɓaro-ɓaro. Na saita na ɗaure.

Na sa aka fito da Baba inuwar darbejiya don ya ga abin da ɗansa zai yi. Tun ina daidaita tsagar ya fara buga kofi. Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, yanzu za ka ji muryarta." Na yi bisimilla, na kama handil na murɗa da ƙarfina duka.

Jama'a, ban san ƙarfe yana rama duka ba sai ran nan. Handil ɗin ya dawo baya ya make mini wuyan hannu, na ga taurari da rana tsaka. Na durƙusa ina salati, kaji suka watse, Baba kuwa sai buga kofi yake yi kamar zai lotsa shi, yana wannan sautin nasa da ƙarfi. Na ce abin yana tayar masa da hankali, ciwonsa zai tashi. Da hannu ɗaya na taimaka aka mayar da shi ɗaki.

Washegari hannuna ya kumbura kamar burodi. Girman kai ya ɗan sauka, na hau keke na nufi Bolari neman bakanike. Na farko da na kawo gwanin manyan taraktoci ne. Ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce, "Ikon Allah, tarakta da fulogi? Oga, ni tunda nake ban taɓa gani ba. Wannan ai ta gidan tarihi ce." Ya sha ruwa ya tafi. Na biyu dattijo ne mai gyaran tsofaffin motocin fetur, ya san distiributa kamar yunwar cikinsa. Da na ga yadda yake riƙe sifana na ce alhamdu lillahi, an zo wurin. Shi ma tsagar nan ya nema, ya daidaita, ya ɗaure. Ni na ƙi taɓa handil, shi ya murɗa. Sai ji muka yi fau! Wuta ta yi tsartuwa ta kabureta ta lashe masa rabin gira. Ya yi kwana uku yana zuwa, kullum Baba yana buga kofi, kullum muna mayar da shi ɗaki. Rana ta ukun dattijon ya goge hannu ya ce, "Ɗana, gaskiya ɗaya ce. Na saita ta yadda ake saitawa, ta ƙi. Injin nan ya gaji, ka haƙura."

Duk kwanakin nan Dada ba ta leƙo ba, don akwai baƙin maza a filin.

Ranar Juma'a, wato gobe masu yankan ƙarfe za su zo, na dawo daga masallaci na zauna a kan tayar taraktar. Ko hula ban cire ba. Ba abin da yake cin raina kamar yadda zan kalli Baba gobe ana fesa wa motarsa wuta ana ɓalle ta gunduwa-gunduwa, bayan ni na sa masa rai. Ina nan zaune sai ga Dada ta fito da tsintsiya a hannu.

"Baƙin naka sun tafi?"

"Sun tafi, Dada."

"Wancan fa?" Yayana take nufi.

"Sai bayan la'asar."

Ta ce, "To je ka fito da babanka."

Na ce, "Dada, kallon yana wahalar da shi. Ba ki ji yadda yake buga kofi ba?"

Ta dube ni, irin duban da ta daina yi mini tun ina firamare. "Wahalar da shi? Magana yake yi maka, kai kuma kana mayar da shi ɗaki kamar yaron goye. Mako biyu bawan Allah yana ce muku ba nan ba ne."

Na tashi na kira maƙwabcinmu ya kama mini kujerar muka fito da Baba, maƙwabcin ya tafi. Dada ta sa na matso da Baba har jikin injin, ta ɓangarensa na hagu. Sannan ta nuna jan faifan da tsintsiyarta.

"Wannan ba nata ba ne. Shekarar da nake da cikinka na asalin ya tsage a gonar wani mutum. Babanka ya yi yawo bai samu irinsa ba, ya samo na wani injin daban ya yi ta gurza shi har ya zauna. Tsagar da kuke bi ta wancan injin ce, ta kauce da wajen yatsa uku. Shi ya sa ya ja nasa zanen da ƙusa, yana bin sa da alli. Shi ne ka goge ka shafe da fenti."

"To Dada, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na tambaye ka. Ka ce ba tuwo ba ne."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na kalli Baba, sai na ga gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Wallahi dariya yake yi mini.

Na ce, "Yanzu tunda zanen ya tafi, ya za a yi?"

Ta ce, "Shi da ya ja zanen, ai ba zane ya bi ba. Cire fulogin farko."

Na cire. Ta kama hannun Baba na hagu, ta ɗora babban yatsansa a kan ramin fulogin ya toshe. Ta ce in juya handil a hankali, kamar mai tsoron tada mai barci. Ina juyawa, ina juyawa, sai na ji fuuu, iska ta ture yatsan. Baba ya ɗaga kai ya yi sauti ɗaya, gajere. "Tsaya," in ji Dada. "Ya fara hawa ke nan." Ta zare tsinke ɗaya daga tsintsiyarta, ta zura cikin ramin, ta riƙe da yatsu biyu. "Ci gaba. Kaɗan. Kaɗan dai." Ina gani tsinken yana tasowa sama, yana tasowa, sai ya tsaya cak. Baba ya buga kofi sau ɗaya. Ta ce, "Nan ne ƙarshen hawansa. Ka ga inda tsagarku take?" Na leƙa. Tsagar ta yi nisa da tsinin, yatsa uku cif, yadda ta faɗa.

Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito da wata shuɗiyar takarda shara-shara, irin ta rubuta wasiƙa ta da. Ta yago siririn yanki. Ta sa na buɗe murfin distiributa, ta nuna mini wasu 'yan ƙarafa biyu da suke haɗe baki, waɗanda in suka rabu wuta take tashi. Ta saƙala takardar a tsakaninsu suka cije ta.

"Sassauta ƙusar ƙasan. Ka riƙa juya tukunyar a hankali. Ni zan riƙa jan takardar. Da zarar sun sake ta zan ce maka, kai kuma kada ka ƙara ko numfashi."

Na kasa haƙuri na ce, "Dada, wai ke a ina kika koyi duk wannan?"

Ba ta ɗago ba. "Yatsun babanka sun yi kanta, ba ya jin sakin takarda. Duk farkon damina, in kun tafi makaranta, sai ya rufe get ya kira ni. Shi yana juyawa, ni ina riƙewa. Shekara nawa muna yi. Juya mana, ka tsaya kana kallona."

Na juya. Gumi yana ɗiga daga haɓata. Filin ya yi tsit, sai kukan tattabarun maƙwabta. Dada ta rufe ido, takardar tana tsakanin yatsunta.

"Sun saki," in ji ta.

Na ɗaure ƙusar, na mayar da murfi da fulogi. Ta ɗauko gawayi ta ja layi a kan jan fentina, daidai tsinin. Na tsaya gaban handil ina jin tsoro, don hannuna bai manta ba. Baba ya miƙo hannun hagu, ya nuna mini in haɗe babban yatsana da sauran, kada in zagaye ƙarfen da shi, kuma in ja sama maimakon in danna ƙasa. Na yi yadda ya nuna. Ja na farko ta yi tari. Na biyu ta yi tari biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi. A na uku ta kama.

Kai! Ban san sautin nan yana zaune a cikin ƙirjina ba sai da na ji shi. Shi ne yake tashinmu da asuba muna yara. Na buɗe baki zan yi ihu, Baba ya buga kofi, ya karkata kunne wajen injin yana yamutsa fuska. Bai gamsu ba. Ya nuna distiributa, ya karkata yatsa hagu. Na sassauta na juya kamar faɗin ƙwayar gero. Ya ƙara karkatawa. Na ƙara. Sai ya buɗe tafin hannu, na ɗaure. Rawar da injin yake yi ta kwanta, sautin ya zama ɗaya, sumul. Baba ya ajiye kofin a cinyarsa, ya ɗora tafinsa a jikin murfin injin ya bar shi nan. Hawaye yana bin gefen fuskarsa, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Muna haka muka ji sallamar yayana daga waje. Kafin ya turo ƙofa Dada ta tattare tsintsiyarta da takardarta ta shige ciki. Ya shigo ya tsaya baki buɗe.

"Kai ne ka tayar da ita?"

Gaskiya zan faɗa muku, sai da na ɗan gyara tsayuwa. Amma Baba ya kafe ni da ido, ya juya ya kalli ƙofar cikin gida. Dole na kwashe komai na faɗa, har da maganar tuwon. Hamma bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon layin gawayin. Sannan ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Baba, ka yafe mini." Daga nan ya wuce ciki, ya tsuguna a ƙofar ɗakin Dada ya ce, "Sannu da aiki, Dada." Ba ta amsa masa ba. Sai ta ɗaga murya ta kira ni ta ce, "Ka ce wa wancan akwai fura a ƙwarya, ya sha kafin ya tafi." A tsugunen ya ciro waya ya ce wa masu yankan ƙarfe kada su zo.

Muka kai taraktar gonarmu ta hanyar Kwami, mota ta samu hanyar shiga har ƙofar ɗakin Baba. Da ruwa ya sauka muka ɗauke shi muka kai shi ya ga tana huɗa. Damina biyu ya ƙara gani, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Abin da yake damuna har yau ba fentin ba ne, ba kuma kumburin hannu ba. Mako biyu ina yawon neman masani daga Bolari har cikin waya, alhali mutum biyun da suka san motar nan suna cikin gidan. Ɗaya mun yanke cewa tunda bakinsa ya rufe hankalinsa ma ya tafi, ɗaya kuma ko tunanin tambayarta ban yi ba. Daga ran nan ba wanda ya ƙara magana a kan Baba yana zaune ba tare da ya dube shi ba. Ina gode wa Allah da muka gane tun yana raye, amma shekara ukun farko ba za su dawo ba, kuma suna yi mini ciwo.

Bayan rasuwarsa sai muka koma dawo da taraktar gida da rani. Bara, gab da damina, na ji sautinta ya canja, na san taimin ya goce. Na rufe get, na cire fulogi, na samo tsinke, na yi komai yadda aka koya mini. Sannan na leƙa ciki, inda matata take taya Dada aiki, na ce, "Dada, zo ki riƙe mini takardar."

Ta fito da sauran shuɗiyar takardar duka, a ninke. Ta tsaya daga nesa tana kallon motar, ba ta ƙaraso ba. Ta miƙo mini.

"Kira matarka ta riƙe maka," ta ce. "Ni da mutum ɗaya na iya wannan aikin."

Ta koma ɗaki ta saki labule.